Daga Tawa zuwa Yamai, da abin da ya tsaya mini a rai a Dogondutsi

A tashar Tawa na yi sallar asuba. Hantsi bai dubi ludayi ba mun wuce Konni, sai Dogondutsi, sai Doso, muka shiga Yamai da la'asar sakaliya, ƙafafuna duk sun kumbura. Kawuna na je gaisarwa, tsohon malamin lakkwal ne a unguwar Bukoki.

Bayan lisha ya sa aka fito da talabijin tsakar gida. Ya ce, "Ɗana, zauna ka ga yadda ake mayar da littafi sinima." Fim ɗin Visconti ne, wani darakta ɗan Italiya, na 1963, Il Gattopardo, daga littafin Tomasi di Lampedusa da ya fito a 1958, shekara guda bayan rasuwar marubucin. Labarin wani basarake ne a tsibirin Sisili, lokacin da Garibaldi ya sauka Marsala a 1860 da mayaƙa wajen dubu, ana ɗinke Italiya ta zama ƙasa ɗaya, martabar gidansu kuwa tana zubewa yana ji yana gani.

Kawu ya ce littafin ya kai har mutuwar basaraken, amma Visconti ya datse, ya ƙare da liyafar rawa ta kusan minti 45. Ni ban ga hasara ba. Yadda Burt Lancaster, wanda ya fito a matsayin basaraken, ke ratsa ɗakuna shi kaɗai, kowa na murna, ka san ya riga ya yi bankwana da duniya. Sai dai wurin da ya fi kama ni shi ne inda iyalin suka sauka daga doguwar tafiya, suka zauna a coci, ƙura ta yi musu fari fat. A Sisilin aka ɗauki yawancin fim ɗin, ƙurar ƙasarsu ce.

A hanyar komawa mota ta tsaya a Dogondutsi. Cikin wannan ƙasar ta Arewa Lugu take, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, har ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1987. Ina son fim ɗin ƙwarai. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, jan dutsen nan da ke gabana bai shiga ciki ba, kuma wallahi abin ya sosa mini rai. Na ɗauki hoton dutsen na aika wa Kawu. Muna gab da Konni ya kira ni, ya ce in na sake zuwa, tare za mu je Lugu.