Yadda hunturun Kaduna ya kusa raba ni da konsatinata

A watan Disamban bara ƙanena da ke karatu a Ingila ya zo hutu, ya miƙo mini wani akwati mai kusurwa shida wanda fatarsa duk ta ƙoƙe, a ciki kuwa akwai abin da na shafe shekara biyu ina roƙonsa ya nemo mini: tsohuwar konsatina, wato ƙaramin kayan kiɗa mai zugazugi da ake ja ana matsewa tsakanin hannuwa biyu, ƙirar kamfanin Lachenal na Landan, mai maɓallai 20, irin wadda kowane maɓalli ke ba da murya ɗaya idan an ja zugazugin, ya ba da wata dabam idan an matse. Kamfanin ya rufe tun 1933, saboda haka ta haura shekara 90 a duniya. Zugazuginta na yoyon iska ta kusurwa uku, marufan fata na cikinta sun nannaɗe kamar busasshen ganye, kuma warin ruma na tashi daga jikinta.

Sha'awar wannan aiki a talabijin na same ta, daga wani shiri na BBC inda gwanaye ke gyara tsofaffin kayan gado da mutane ke kawo musu. Cikakken shirin yana kan iPlayer, manhajar kallo ta BBC, wadda aka keɓe wa mazauna Birtaniya, domin da kuɗin lasisin talabijin da suke biya ake gudanar da tashar, kuma tun 2016 doka ta wajabta lasisin ga duk mai kallon iPlayer. Da zarar manhajar ta ga adireshin intanet na Najeriya sai ta rufe ƙofa. Na bi hanyar da kowa ke bi, na sayi VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, har na biya kuɗin shekara guda da dala, amma mako uku kawai ya yi mini aiki aka gano adireshinsa aka toshe. Asarar ta yi mini zafi, sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayar da manhajar ke yi, ko kana da lasisi, wadda babu yadda za ka wuce ta sai ka faɗi abin da ba gaskiya ba. Na haƙura, na koma ga gutsattsarin da ake sakawa a YouTube a fili.

A waɗancan makonni uku ne na ɗauki darasin da ya jawo mini baƙin ciki. Na ga yadda magyara ke kwance kaya gunduwa-gunduwa, su jera komai a kan tebur, su bar shi nan suna aiki a tsanake. Ni ma ranar wata Asabar a watan Janairu na kwance notuna shida na kowane gefe, na zaro fayafayan katako na hagu da dama, waɗanda harsunan tagulla 40 masu fitar da murya ke zaune a cikinsu, na jera su a kan tebur kusa da taga domin su sha iska warin ruma ya fita. Kwana biyu na bar su, hunturu na kaɗawa.

Da safiyar Litinin na ɗaga faifan hagu, sai harsuna uku suka zame daga gurabensu suka faɗo a kan tebur, alhali ranar Asabar sai da na tura su da ɗan yatsa da ƙarfi kafin su motsa. Na kifa faifan a kan gilashi, na ga ya lanƙwashe har takardar kati na shigewa ta ƙarƙashin gefensa. Allon da matosan ramukan iska ke zama a kansa kuwa ya tsage daga wani rami zuwa maƙwabcinsa, tsaga siririya kamar zare, amma wadda ta ishi iska ta riƙa ratsawa tana kaɗa muryar da ba a taɓa ba. Har yau idan na tuna ƙarar faɗowar harsunan nan sai gabana ya faɗi.

Laifin nawa ne ni kaɗai. Teburin da na gani a talabijin yana cikin iskar Ingila mai laima, katakon da ke hannuna kuma a cikin wannan laimar ya yi duk rayuwarsa, sai ga shi cikin mako uku na fito da shi tsirara a tsakiyar hunturu. Da na sayi ƙaramin ma'aunin laima daga baya, kashi 14 cikin 100 ya nuna a ɗakin da rana, alhali kayan kiɗa na katako sun fi son tsakanin 40 zuwa 60. Wani dattijon kafinta da na kai wa allon a Panteka ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Ɗana, ƙofar ɗakinka ba ta kumbura da damina, ta saki da rani?" Na ce, "Haka ne, Baba." Abin da na sani tun ina yaro ke nan, amma da ya zo ga kayan Turai sai na ajiye sanin gida na bi allon talabijin.

Dattijon ne ya hana ni taɓa gam mai kama nan take, wanda da shi na yi niyyar cike tsagar. Ya ce in fara mayar wa katakon da ruwansa a hankali. Na sa fayafayan a cikin roba mai murfi, da jiƙaƙƙen soso a ɗan kofi a gefe ba tare da ya taɓa su ba, na danne su tsakanin gilasai biyu, na bar su daga Fabrairu har Afrilu. Sun miƙe, ko da yake na hagu bai koma daidai ɗari bisa ɗari ba, sai da na ƙara kaurin fatar da ke kewaye da shi kafin ya riƙe iska. Tsagar kuwa da siririn tsinken katako muka cike ta, da gam ɗin fata irin na da, wanda ake jiƙawa a narkar, domin shi ne ake iya warwarewa da ɗumi da ruwa idan wani ya zo gyara a gaba. Harsunan da suka yi sako-sako na rage musu fili da 'yar takarda a gefen gurbin.

Zugazugin bai wahalar da ni ba. Wani baduku a Tudun Wada ya fere mini fatar akuya har ta yi laushi kamar takarda, na liƙe kusurwoyin. Na yi alfahari da wannan, domin fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin abin da Turawa suka daɗe suna saya da sunan fatar Maroko.

Gyaran murya kuma na jinkirta shi har ruwa ya zauna a watan Yuni, domin tsoro ya riga ya shige ni. Idan an goga magagari kusa da bakin harshe murya na hawa, idan kusa da gindinsa tana sauka, kuma abin da aka goge ya tafi har abada. Na tarar muryarta gaba ɗaya ta ɗara ma'aunin da ake daidaita kayan kiɗa da shi a zamanin nan, kamar yadda ake samu a tsofaffin konsatinonin Ingila da yawa, sai na bar ta yadda maƙeranta suka bar ta, na daidaita harsuna biyar kawai da suka kauce wa 'yan uwansu.

Duk wanda ɗan uwansa zai kawo masa irin wannan kaya, ina roƙonsa ya sa a kawo da damina. Idan kuwa ya zo da hunturu, kada ya kwance ko noti ɗaya sai ya tanadi roba da soso da ma'aunin laima, kuma duk abin da ya ciro ya mayar cikin robar kafin ya tashi daga teburin, ko da salla zai je ya dawo. Wata biyar na yi ina biyan bashin kwana biyu.

Yanzu tana magana, da taushin murya irin ta tagulla, in ban da maɓalli ɗaya na hagu, wanda ke kan tsagar, da har yanzu nake jin ɗan huci a ƙarƙashin muryarsa idan na ja a hankali. Ruwa ya ɗauke, hazo ya fara bayyana da safe, don haka tun makon jiya na mayar da ita cikin robarta, kuma kullum bayan asuba sai na duba ma'aunin kafin in fita aiki.