Gorar da na sara a Kakachi

Har yau in na ga sandar gora sai raina ya ɓaci da kaina.

Ina karatu a Indiya na bi wasu masu binciken kwaɗi zuwa Kakachi, cikin gandun dajin Kalakkad Mundanthurai a jihar Tamil Nadu, damina ta yi tsakiya. Wanda muke nema shi ne Raorchestes chalazodes, ɗan kwaɗo kore shar da bai kai santimita 3 ba, baƙin idonsa da ɗigo-ɗigon ruwan zinare. Tun 1876 aka san shi, ya ɓace wa masana sai 2011 aka sake ganinsa a wannan daji.

Dare na biyu santsi ya kayar da ni sau biyu, matsattsaku sun cika min safa. Haushi ya sa na karɓi adda na sare wata siririyar gora a bakin rafi don in dogara. An fa gaya mana cikin gora yake ƙwai. Ni dai na ɗauka sai mai babban rami, wannan kuwa 'yar tsaga ce kawai a jikinta, wadda ko ɗan yatsana ba zai shiga ba.

Gaɓar ta dare biyu. Ƙwai shida manne a ciki, garau kamar ƙwayar idon kifi, kana hango 'ya'yan a naɗe da ƙafafunsu, don wannan kwaɗo ba ya zama talibambam, daga ƙwai sai cikakken kwaɗo. Uban ya yi tsalle ya shige duhu. Jagoranmu bai ce uffan ba, ya miƙo hannu ya karɓi addarsa. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Macen zubawa take ta tafi, namiji ke gadi, in ya gusa wasu mazan su shigo su cinye. Mun haɗa gaɓar mun ɗaure da zare. Kwana uku muka koma, wayam.

In za ka shiga dajin nan, taho da sandarka daga gari, ka sa safar kariya daga matsattsaku tun kafin su harzuƙa ka. Ko kama gora don hawa gangare kada ka yi. A wajen gandun ana sarar irin wannan gora ana kai wa masana'antar takarda, ina jin haushin haka, amma bakina ya mutu: ƙwai shida na gani da idona, kuma ni na riƙe addar.