Ranar da na saɓo Duna daga kan dutse

Kakana mafarauci ne, shi ya sa a gidanmu ba a ƙyamar kare, sai dai ba ya shiga ɗaki, kwanonsa ma daban. Nawa sunansa Duna, baƙi wuluk, irin siraran nan masu dogayen ƙafafu. Bara a watan Afrilu na ja shi muka taka daga ƙauyenmu zuwa duwatsun Birnin Kudu, don in ga zanen shanun da mutanen dā suka yi a Dutsen Habude.

Tun daga gida na yi kuskure. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka fita, da gora ɗaya ta ruwa, ba igiya. Ko rabin hanya ba mu yi ba Duna ya hango tumakin wata ruga ya bi su a guje. Da ƙyar na lallashi yaron da ke kiwo, wanda ya riga ya ɗaga sanda, kuma gaskiyarsa ce.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru a kan dutsen. Ni ina sanye da takalmi, ban san yadda dutsen ya gasu ba. Shi kuwa kare ba ya zufa kamar mutum, haki kawai yake yi, kuma ko yana shan wuya ba zai daina bin ubangidansa ba. Sai da na ga yana ɗingishi, harshe waje, yawu na dalala, sannan na ɗaga ƙafarsa. Fatar tafin ta fara saɓulewa, ga tsidau guda biyu sun nutse tsakanin yatsu.

Wani dattijo da ke hutawa a gindin tsamiya ya ga na sauko da kare a kafaɗa, ya yi dariya.

"Yaro, wa ya ce maka ana hawa dutse da kare rana tsaka a bazara?"

"Wallahi Baba, ban kawo haka a raina ba."

Ya sa na jiƙa masa ciki da ƙafafu, na riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan a ƙoƙo. Ya ce in riƙa ɗora bayan hannuna a kan dutse, in ban iya jurewa ba, to kare ma ba zai iya ba. Ragowar ruwan gorar duk Duna ya shanye, ni na koma gida da ƙishi, zanen ma ban gani ba.

Kwana goma ya yi yana lasar ƙafa. Da na kai shi wurin likitan dabbobi aka cire masa kaska a kunne, aka kuma yi masa allurar rigakafin haukan kare, wadda ashe duk shekara ake maimaitawa.

Mun koma cikin hunturu, bayan sallar asuba, da gora biyu da igiya a wuyansa. A ranar na ga shanun, jajaye a jikin dutse, Duna kuwa yana kwance a inuwa yana cizge ƙarangiya daga jelarsa.