Mai ƙafa takwas, daga zauren gidanmu a Zango

Damagaram ko kogi babu, balle teku. Da bazara ruwan sha ma sai an yi da gaske. Amma ga ni nan ina cin abinci da wata dabbar teku wadda ban taɓa gani ido da ido ba. Faransawa suna ce mata pulp, ƴan makaranta ma haka suke faɗa, yaran unguwarmu kuwa gizo suka raɗa mata. Ni dai mai ƙafa takwas nake kiranta, da zaren ulu nake yin ƴar tsanarta, kuma ita ce ta fi komai tafiya a cikin kayan da muke saƙawa.

Asalin sana'ata kitso ce. Ranar da ƙanwata ta nuna mini hoton abin a waya, kallo ɗaya na yi na ce ai wannan kalaba ce aka yi wa ƙwallo. Shi ya sa duk yarinyar da ta zo koyo, tambayar farko da nake mata ita ce ko ta iya kitso. In ta iya, yini guda ya ishe ta.

Kwali muke samu mai tsawon kamu biyu, mu naɗe zare a kansa sau 72. Ba da ka aka zaɓi lambar ba: ƙafa 8 ne, kowace ƙafa rabo 3, to dole adadin ya rabu gida 24 ba saura. In ana son mai kauri sai a kai 96. A ɗaure gefe guda tam, a yanke ɗaya gefen da almakashi, sai a cusa dunƙulen tsumma ƙarƙashin ƙullin a lulluɓe shi da zare, a shaƙe wuyan. Nan ne aikin yake. In wuya ya yi sako-sako, kwana biyu a hannun yaro kan ya zame, tsumman ya leƙo kamar tuwon da bai ji muciya ba. Ni da kaina nake ɗaure kowane wuya, sau uku, har zaren ya bar mini shaida a yatsa. Sauran kitso ne, sai ɗaurin bakin ƙafa da zare mai wani launi.

Tsumman daga wajen teloli na kasuwar Dole muke karɓo shi, galibi kyauta. Zaren kuwa kayan Kano ne, kuma nan ciwon kan yake. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma rufewar 2023, sai da na koma warware tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo ina wankewa ina nannaɗewa. Zaren yakan fito a lanƙwashe, amma abin mamaki ƙafafun sun fi kyau da shi, har yanzu akwai masu cewa shi suke so.

Ido shi ne abin da ya taɓa ba ni tsoro. Da fari maɓallai nake liƙawa da gam. Wata rana wata mata ta dawo da guda, ido ɗaya babu, ta ce a bakin ɗanta ta zaro shi. Ban yi barci ba daren nan. Tun daga ranar da allura da baƙin zare muke ɗinka ido, ba maɓalli, ba dutsen ado, ko da mai saye ya roƙa. Akwai kuma masu cewa kada a sa ido sam. Wata dattijuwa daga Birni ta ce mini, "Ɗiyata, ki bar mini fuskar haka nan, ba na son mai kama da rai a ɗakina." Na ce, "To Inna, yadda kika ce." Na san malamai suna kawo hadisin Nana A'isha da ƴan tsanarta, amma ni ba wa'azi na fito yi ba, kuma marar idon ma jikokinta sun yi ta rububinsa.

Wasu suna tambaya ko irin wanda ake sa wa bakwaini ne a asibitocin Turai. A'a. Wancan a Danmak aka fara shi a 2013, da ƙwarashi ake saƙa shi da zaren auduga, ƙafafunsa a murɗe kamar igiyar cibiya, don jinjiri ya riƙe ya bar jan robobin da aka sa masa. Nawa na yaron da ya fara tafiya ne zuwa sama. Jinjiri ba na sayar masa, don ulu yana zubar da gashi.

Ƙaramin dala ɗari ne, wato sefa 500, babban jaka guda, sefa dubu. Kasuwarmu tana ci gab da Sallah, sai ƙarshen shekarar lakwal lokacin da iyaye ke neman kado ga wanda ya ci jarrabawa. Farin zare na daina saye in hunturu ya shigo, yini ɗaya a kan tebur ƙura ta mai da shi ruwan ƙasa. Amma a Disamba dole in karya dokata, saboda bikin 18 ga wata, ranar Jamhuriyar Nijar, kowa launin tuta yake so, ruwan lemu da fari da kore.

Jiya wani yaro ɗan aji huɗu ya tsaya a bakin zaure yana ƙirga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce mushensu ya gaya musu dabbar zuciya uku gare ta, jininta kuma shuɗi ne.

"Gwaggo, a naki ina zuciyoyin?"

Na ce suna cikin tsumman. Ya matsa kan da yatsa biyu, ya kara a kunne, sannan ya zaro dala hamsin daga aljihu ya ce in ajiye masa koren, sauran kuɗin sai ranar Alhamis in babansa ya dawo daga kasuwa.