Jinyar Ayurbeda a Kerala: abin da ta yi wa gwiwata da inda ta tsaya

Ciwon gwiwa ne ya sa na gwada jinyar gargajiyar Indiya da ake kira Ayurbeda. Likitan ƙashi a Kano ya riga ya nuna mini a hoto cewa guringuntsin gwiwata ta dama ya zaizaye, ya ce abin bai kai ga tiyata ba tukuna, amma ƙwayoyin kashe raɗaɗin da nake sha sun fara taɓa mini ciki, har ta kai ga ina yin salla a kan kujera. Da na raka yayana Indiya domin a yi masa aikin zuciya, bayan ya samu sauƙi ya koma gida, sai na tsaya a jihar Kerala, can kudu maso yammacin ƙasar, inda wannan jinya ta fi kafuwa.

Zaɓen wuri ya ci mini lokaci, domin sunan Ayurbeda yana kan allon kowane otal na bakin teku, kuma yawancinsu tausa kawai suke sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Asibiti na gaske daban yake. Indiya ta kafa ma'aikata ta musamman mai suna AYUSH a 2014 domin kula da magungunanta na gargajiya, kuma likitan Ayurbeda yana yin karatun digiri na shekara biyar da rabi, ciki har da shekara guda ta aikin asibiti, kafin a yi masa rajista. Cibiyar da ta fi suna a jihar ita ce Arya Vaidya Sala ta garin Kottakkal, wadda P. S. Varier ya kafa a 1902. Ni wani ƙaramin asibiti na samu a gundumar Malappuram, inda Musulmi suka fi yawa, don haka masallaci da abincin halal ba su zama matsala ba. Zuwana ya dace da damina, lokacin da mutanen Kerala da kansu suke yin irin wannan jinya, musamman a watansu na Karkidakam, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, domin suna ganin jiki ya fi karɓar mai idan akwai danshi da sanyi.

Likitan ya riƙe tsintsiyar hannuna da yatsu uku, ya duba harshe da idanu, sa'an nan ya shiga tambayoyin da babu wanda ya taɓa yi mini a kan ciwon gwiwa: ƙarfe nawa nake kwanciya, yaya bayan gida yake fita, ko fatata tana bushewa, ko na fi jin daɗin sanyi ko zafi. A tsarinsu, wanda ya samo asali daga tsofaffin littattafan Charaka da Sushruta, jiki yana tafiya ne a kan ɗabi'u uku da suke kira dosha: ɗaya ta iska da motsi, ɗaya ta wuta da narkar da abinci, ɗaya ta ruwa da maiƙo. Ya ce ta iska ce ta yi mini yawa, ta busar da gaɓɓai. Ban ɗauki wannan bayani a matsayin abin da awon jini zai tabbatar ba, kuma shi ma bai dogara da shi kaɗai ba, tunda ya nemi hoton ƙashin da na zo da shi, ya kuma sa aka auna mini sukari da hawan jini da lafiyar hanta kafin a fara komai.

Matakin farko shi ne mafi wuya a wurina. Kowace safiya, kafin in karya, ana ba ni narkakken man shanu da aka dafa da itatuwa masu ɗaci, ana ƙara yawansa kullum, kuma ba na cin komai sai yunwa ta gaske ta zo, ruwan ɗumi kawai nake kurɓa. Har yanzu ina tuna yadda ƙamshinsa yake tayar mini da zuciya.

Daga nan aka shiga tausa da gashi, kuma a nan na ga aiki. Ana kwantar da mutum a kan wani dogon gadon katako mai rami a gefe inda mai yake gangarawa. Maza biyu ne suke yi wa namiji, mata kuma su yi wa mace, kuma da na nemi a bar ni da gajeren wando mai sauka gwiwa, ana naɗe shi idan an zo wurin ciwon, ba su yi musu ba. Suna tsayawa ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna murza man riɗi mai ɗumi da aka dafa da magani, hannayensu suna tafiya tare kamar na mutum ɗaya. Bayan haka sai a kawo ƙunshin ganye a cikin farin ƙyalle, girman dunƙulen hannu. Na leƙa kaskon da ake soya ganyen, sai na ga abubuwan da na sani tun ina yaro: tumfafiya, zurma, ganyen tsamiya da zogale, an haɗa su da gogaggiyar kwakwa da yankakken lemun tsami da gishiri. Wani yaro yana zaune kusa da risho yana ɗumama ƙunshi biyu a cikin mai, ana amfani da biyu, ana musanyawa, kuma mai gashin ba ya ɗora mini ƙunshi sai ya fara danna shi a bayan hannunsa ya ji zafinsa. Ita kuwa gwiwar, sai su kwaɓa garin wani baƙin wake, su gina mata da'ira kamar bakin ƙaramar rijiya, su cika da mai mai ɗumi, ana kwashewa da auduga ana sabuntawa har kusan rabin awa.

Ainihin wankin jikin da suke kira fancakarma hanyoyi biyar ne: sa amai, wankin ciki, ɗura magani ta dubura, ɗiga magani a hanci, da fitar da jini, wani lokaci da matsattsaku. Ba kowa ake yi wa duka ba. Ni wankin ciki da ɗura aka yi mini. Ranar wankin ciki na galabaita ƙwarai, kuma bayanta sai da aka mayar da ni kan ruwan kunun shinkafa, sannan kunu mai kauri, sannan shinkafa mai laushi da wake, kafin a bar ni in ci abinci sosai. Duk tsawon zamana an hana ni ruwan sanyi, barcin rana, zama a ƙarƙashin fanka, nama da soye-soye, kuma da an yi sallar isha'i ake kashe fitila. Abin ya yi mini kama da wankan jego: zafi, abinci na musamman, hutu na dole, da mutanen da ba sa sauraron ƙorafinka.

Inda na fi sa ido shi ne abin da ake haɗiya. Akwai wani jinsin magungunansu na ruwa, arishta da asaba, da ake tsimawa har su yi barasa da kansu, akwai kuma waɗanda ake haɗawa da fitsarin saniya. Na ce a nuna mini abin da ke cikin kowace kwalba, likitan kuma ya sauya mini masu barasar da dafaffen ruwan itatuwa, ya ce marasa lafiyarsa Musulmi sun saba neman haka. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne wani reshe na Ayurbeda da yake ƙona ƙarafa ya mayar da su toka a sa a magani. Wani bincike da aka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2004 ya auna magunguna 70 da aka saya a shagunan yankin Boston, aka samu dalma ko zaiba ko gubar asanik a cikin 14. An kuma samu rahotannin lalacewar hanta daga wasu tsirrai da ake tallatawa sosai, irin su ashwaganda da giloi. Saboda haka na ƙi duk wani magani mai tokar ƙarfe, na kuma ƙi sayen wanda babu sunan kamfani da jerin abin da ke cikinsa. Wani dattijo da muke ɗaki kusa da juna yana da ciwon sukari, kuma na lura ba a dakatar masa da allurarsa ba ko sau ɗaya. Duk wurin da zai ce wa mai sukari ko hawan jini ya ajiye maganin asibiti, a ganina ba wurin zama ba ne.

Na fito da sauƙi na gaske. Sandarewar da nake tashi da ita da asuba ta ragu sosai, na rage ƙiba, barcina ya daidaita, kuma na koma yin sujada a ƙasa, ko da yake zaman tahiya mai tsawo yana ba ni wahala har yanzu. Wannan bai saɓa wa bincike ba: a 2018 an wallafa wani gwaji da aka yi a Jamus a kan mutum 151 masu irin ciwona, inda waɗanda aka yi wa jinyar Ayurbeda ta mako 12 suka fi samun raguwar ciwo a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Gwaji ɗaya ne, kuma jinyar ta haɗa tausa da abinci da motsa jiki da magani gaba ɗaya, don haka ba ya nuna wanne ne ya yi aikin. Ni kaina na fi danganta sauƙina ga zafin gashin, da hutun, da nauyin da ya sauka daga kan gwiwar, fiye da batun fitar da guba daga jiki da ake yawan faɗa.

Da na dawo Kano na koma wurin likitan ƙashi, aka sake ɗaukar hoto, kuma guringuntsin yana nan yadda yake. Ya ce, "Malam, idan gashin yana yi maka, ka ci gaba, amma ka kawo mini kwalaben in gani." Ya sa aka sake auna mini hanta da ƙoda, sakamakon ya fito lafiya, ya kuma ƙara mini motsa jiki na ƙarfafa naman cinya. Yanzu ina shafa man riɗi mai ɗumi kafin wanka, ina cin abincin dare da wuri, ƙwayar raɗaɗi kuma sai ranar da na yi doguwar tafiya a mota. Maganar tiyata mun ajiye ta sai an sake duba hoton baɗi.