Ƙusar nan ta babur ta ba ni wahala

Yau dai na ga taurin kan ƙarfe. Doguwar ƙusar nan da ke haɗa hannun tayar baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar, da jikin babur ce ta ƙi fita. Noti ya kwance salin alin, amma ita ko gezau.

Ruwan wanki ne ke shiga ya kwanta tsakaninta da bututun ƙarfen da take ratsawa, tsatsa ta haɗe su. Na tokare babur ɗin daga ƙasa don nauyi ya sauka daga kanta, na cire taya da cen, na shayar da ƙusar man sassauta tsatsa ta kwana. Da safe na mayar da noti daidai bakin ƙusar, don in guduma ta dake ta kai tsaye bakin zai baje, shi ke nan kuma an shiga uku. Masu cewa a gasa wurin da wuta, ban bi tasu ba, robobin ciki ne za su ƙone.

Sai da na yi ta murɗa ta gaba da baya da dogon sufana, wani jan ruwa yana tsiyayowa, sannan ta fara motsi. Sabuwar da na maye gurbinta da ita kam sai da na lafta mata giris kafin ta shiga.