Funke Akindele: aikin da ke bayan naira biliyan ɗaya

A watan Janairun 2024 fim ɗin A Tribe Called Judah ya zama na farko a Nollywood da cinikinsa a sinima ya haura naira biliyan ɗaya. Mai fim ɗin, Funke Akindele, haifaffiyar Ikorodu ce ta jihar Legas, an haife ta a 1977. An fara saninta a shirin talabijin na I Need to Know a 1998, fim ɗin Jenifa ya ɗaga ta a 2008, amma ba ta hau kujerar darakta a fim ɗin sinima ba sai 2019, da Your Excellency. Shekara ashirin ke nan tana gaban kyamara kafin ta koma bayanta.

Babbar matsalar jarumar da ke ba da umarni a fim ɗin da ta fito ciki ita ce ba ta ganin kanta. Darakta na zaune ne gaban monita, yana duba haske, da inda kowa ya tsaya, da ko sandar makirufo ta leƙo cikin hoto. Idan ita ce a tsakiyar fitowar, sai an tsaya an mayar mata da hoton bayan kowace ɗauka. Minti uku nan, biyar can, kafin a ankara rana ta yi yamma, haske ya canza, kuɗin hayar gida da na janareta kuma suna tafiya. Funke ta magance wannan da abokin ba da umarni: JJC Skillz a Omo Ghetto: The Saga na 2020, Tobi Makinde a Battle on Buka Street na 2022, Adeoluwa Owu a A Tribe Called Judah na 2023. Wasu na ganin hakan gazawa ce. A ganina sanin aiki ne. Haka ma mai kula da kwantiniti, wato mai tabbatar da cewa sutura da kayan fitowa ba su canza tsakanin ɗauka da ɗauka ba, ba a rowar kuɗinsa, don in ɗaurin ɗankwali ya bambanta tsakanin ɗaukar safe da ta yamma, edita ba shi da dabara.

Ɓangaren furodusa ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Biliyan ɗin nan cinikin tikiti ne, ba ribarta ba. Za a fara cire haraji, ciki har da VAT na kashi 7.5. Gidajen sinima su ɗauki wajen rabin abin da ya rage, kamfanin rarrabawa, wato FilmOne, ya ɗauki lada. Daga saura ne za a biya kuɗin shirya fim, da na talla, da masu zuba jari.

Shi ya sa ba ta wasa da lokaci. Duk waɗannan manyan finafinan a Disamba ta sake su, lokacin hutu, mazauna ƙasashen waje sun dawo gida, iyalai na neman wurin fita. Tallar kuma da kanta take yi, rawa da barkwanci a Instagram da TikTok tun makonni kafin fitowa, sannan ta bi sinimomi tana gaisawa da 'yan kallo. Dalili shi ne makon farko: in kujeru suka zauna wayam, manaja zai rage wa fim lokutan nunawa ya ba wani.

Har labarin A Tribe Called Judah ma da lissafin kasuwa a ciki. Uwa ɗaya, 'ya'ya biyar, ubanninsu daga ƙabilu daban-daban, Uzee Usman ya fito a Adamu, ɗan Bahaushe. Kowane yanki ya ga nasa, ya sayi tikiti.